Famfon Ƙofar Gida a Tarihin Ruwan Kano

Duk wanda ya bibiyi abin da aka rubuta game da ruwan sha a Kano zai tarar sunayen manyan ayyuka ne suka cika shi: Challawa, Bagauda, Tiga, Tamburawa, Watari, kowanne tare da sunan sarki ko gwamnan da aka yi shi a zamaninsa. Da wuya a ji an ambaci kan famfo, ɗan ƙarfen nan da ke tsaye a tsakar gida ko a jikin katangar waje, alhali ta bakinsa ne duk ruwan da aka tare, aka tace, aka turo yake fitowa. Ni kuwa ina ganin a wurinsa ne aka fi gane yadda al'amarin ruwan birnin ya kasance cikin kusan shekara ɗari. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, wurin ɗibar ruwa yana daɗewa ne idan akwai mutum takamaimai da gyaransa ya rataya a wuyansa. Rijiya ta zo da wannan tsari tun asali, bututun hukuma ya warware shi ba tare da ya kawo madadinsa ba, sai ga shi a 'yan shekarun nan famfon sadaka na ƙofar gida yana dawo da shi ta wata hanyar da ba wanda ya tsara.

Kafin bututu, Kano da rijiya da kududdufi ta rayu. Bature Hugh Clapperton, wanda ya shigo birnin a 1824, ya yi maganar fadamar Jakara da ta ratsa tsakiyar gari, haka ma Heinrich Barth da ya zo a 1851, wanda ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan mutum 30,000, ya kuma koka da ruwan da ke kwance a ramuka. Ramukan nan daga haƙar ƙasar gini suka samo asali, damina ta cika su, a yi wanki da kwaɓa da shayar da dabbobi da ruwansu. Ruwan sha da girki kuwa daga rijiya yake, kuma sunayen unguwanni irin su Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu, da na wajen ganuwa kamar Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki, shaida ce ta yadda ake kafa zama a gefen ruwa. Abin lura a nan shi ne kowace rijiya tana da wanda ake tambaya a kanta. Ta cikin gida ta maigida ce: shi zai kira masu yasa idan laka ta taru, shi zai sa a gyara bakinta idan ya zube. Ta masallaci da ta unguwa suna hannun liman da mai unguwa da dattawa, a yi karo-karo ko a yi gayya. Guga da igiya na mai ɗiba ne, in ya tsinke ya faɗa, ya je ya ari ƙugiya. Kayan aikin duka a gari ake yin su, masu sana'ar kuma maƙwabta ne. Ba ina yabon ruwan wancan zamani ba ne, don rijiyar da ke kusa da shadda ta kashe mutane da yawa, kududdufi kuma gidan sauro ne. Tsarin kulawar nake nufi: ba a taɓa rasa sanin wanda zai gyara ba.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Sabon Gari da Fagge da Nassarawa suka cika da baƙi. Rijiyoyi suka fara gazawa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, Hukumar En'e ta ɗauki aikin ruwa da lantarki, aka gina ma'aikatar ruwa a bakin kogin Challawa, aka buɗe ta a farkon shekarun 1930. Daga can ake turo ruwa zuwa tankunan da ke kan Goron Dutse, tsayin dutsen ya ba shi ƙarfin gangarowa cikin gari, har ganuwa ta samu sabuwar ƙofa da ake kira Ƙofar Famfo. Kuɗin aikin daga Baitulmalin Kano ya fito, wato daga harajin talakawan ƙasar. Wannan ya bambanta da abin da ya faru a Legas, inda aka buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju a 1915, mutanen gari suka yi ta bore tun daga 1908 kan harajin ruwa, suna cewa Turawa ne za su amfana a ce su biya. Rigimar ta Legas ta fito da tambayar da ke tattare da kowane bututu: wa zai biya, kuma na wane ne? A Kano ba a yi irin wannan bore ba, amma tambayar ba ta ɓace ba, jinkirta amsarta aka yi.

Yana da kyau a tsaya a dubi shi kansa kan famfon da aka kawo, domin ƙirarsa tana ɗauke da tunanin waɗanda suka ƙera shi. Irin wanda ake murɗawa sau uku ko huɗu kafin ya rufe, kamfanin Guest and Chrimes na garin Rotherham a Ingila ne ya fito da shi a 1845. Kafin nan famfo toshi ne mai rami da ake juyawa sau ɗaya, wanda ba ya jure ruwa mai ƙarfi, kuma rufe shi farat ɗaya yana girgiza bututu. Sabon yana da sanda mai zare da ke sauka a hankali ta danne wata 'yar faifan fata, daga baya ta roba, a kan bakin da ruwa ke fitowa. Jikin na tagulla ne, yana iya shekara da shekaru. 'Yar robar nan, wadda masu gyara ke kira washa, ita ce aka yi don ta cinye, a kwance kan da sifana, a cire ta, a sa sabuwa da kuɗi kaɗan. Ma'ana, an ƙera famfon ne da zaton akwai wanda zai riƙa buɗe shi lokaci zuwa lokaci. Ingila kanta da wahala ta koyi wannan darasi. A tsakiyar ƙarni na sha tara yawancin biranenta sa'o'i kaɗan ake ba su ruwa a rana. A Liverpool, a shekarun 1870, injiniyan birnin George Deacon ya ƙirƙiro mitar da ke nuna yawan ruwan da ke zuba a unguwa cikin dare lokacin da kowa ke barci, aka bi layi-layi ana gano bututun da ya fashe da famfon da ke ɗiga, ana tilasta gyara. Da ruwan da aka ceto ta haka birnin ya koma samun ruwa dare da rana. Lissafin ba shi da wuya: famfon da ke sakin ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana sakin ɗigo 86,400 a yini da kwana, abin da ya kai kusan jarka guda. A tara irinsa dubu goma, a ƙara da waɗanda ba ɗiga suke ba, kwarara suke.

To a Kano, bututu ya raba hakkin kulawa gida uku, kuma biyu daga ciki ba su samu mai riƙo na ƙwarai ba. Gidan mai hali da aka ja wa ruwa har tsakar gida bai samu matsala ba, maigida ya ɗauki famfo yadda ya ɗauki rijiya, ya kira fulamba idan ya lalace. Gidan haya ya zama wani abu dabam: mai gida ba ya zaune, 'yan haya ɗaki goma kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana, sai a ɗaure kan famfo da tsumma ko robar taya a ci gaba da zama. Na ukun shi ne famfon unguwa, wanda ta nan ne yawancin mutanen birni suka fara sanin ruwan famfo, kuma a bakinsa ne sana'ar ga-ruwa ta bunƙasa, da garwar kananzir biyu a sanda kafin zuwan jarka da kura. Wannan famfo na hukuma ne. Ba mai unguwa ne ya haƙa shi ba, ba da karo-karo aka kafa shi ba, kayan gyaransa daga Turai suke zuwa, kuma taɓa bututun hukuma ba tare da izini ba laifi ne. Duk abin da ya sa unguwa take yasar rijiyarta da kanta, babu shi a nan. Lokacin da En'e ke da ƙarfi, da duba-gari masu shiga gida-gida suna leƙa randa da kwata, da masu unguwannin da ake tuhuma idan an ga ɓarna a yankinsu, giɓin bai bayyana sosai ba, saboda tsoron hukuma ya tsaya a madadin mallaka. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ikon En'e ya yi ta raguwa har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshensa, ruwa ya koma hannun ma'aikatun jiha, sai famfon unguwa ya zama kayan gwamnati a ma'anar da kowa ya sani, abin da kowa ke amfani da shi ba wanda ke jin zafin lalacewarsa.

A daidai wannan lokaci ne aka yi manyan ayyukan da ake alfahari da su, kuma sun cancanci alfahari. Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka gama ta a 1974, ana tsakiyar jin jiki daga farin da ya addabi yankin Sahel. An kammala madatsar Challawa Gorge a Ƙaraye a 1992. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa mai iya tace lita miliyan 150 a rana. Amma ruwa a madatsa daban, ruwa a bokiti daban, kuma karin maganar nan ta rijiya ta bayar guga ya hana ta dace da abin da unguwanni da yawa suka gani. Da ruwa ya koma zuwa jefi-jefi, sai halin mutane da famfo ya sauya gaba ɗaya. Ana barinsa a buɗe don a ji ƙarar isowar ruwa cikin dare, in ba a farka ba ya kwana yana malala a kwata. Wanda ya lalace ba a gyara shi, don ba wanda zai kashe kuɗi a kan famfon da ya yi wata bai kawo ba. Ƙarfin ruwa ya ragu har ba ya iya hawa tsayin gwiwa, sai mutane suka yanke bututu daga ƙasa, suka haƙa rami suna tara a ciki, wasu suka sa injin zuƙa. Kowace irin wannan dabara tana rage wa na gaba ƙarfi, shi ma ya yanke nasa. Mafi muni, bututun da babu ruwa a cikinsa yana zuƙo abin da ke kewaye da shi, kuma da yawa ta cikin lambatu suka ratsa. Binciken da aka yi kan annobar amai da gudawa ta 1996 a Kano ya alaƙanta kamuwa da cutar da shan ruwan da ake saye a hannun masu talla a titi, kuma dogaro da irin wannan ruwa daga mutuwar famfon gida yake farawa.

Za a ce wannan magana ta ɗora wa ƙaramin abu nauyin da ya fi ƙarfinsa, matsalar Kano yawan jama'a ce. Wannan ƙorafi yana da tushe. Ƙidayar 1952 ta sami kusan mutum 130,000 a birnin da kewayensa, ta 1963 ta sami kusan 300,000, ta 2006 kuwa ta nuna ƙananan hukumomi takwas na cikin gari sun doshi miliyan uku. Babu wani washa da zai cike wannan tazara, kuma ga matsalar wutar lantarki da injinan turo ruwa ke dogaro da ita, ga tsofaffin bututun ƙarfe da tsatsa ta cinye. Duk da haka, yawan jama'a yana bayyana dalilin da ya sa ruwan bai isa ba ne kawai, bai bayyana dalilin da ya sa ɗan wanda ake samu yake zubewa a hanya ba. Gari mai ƙarancin ruwa shi ya fi kowa buƙatar famfon da ke rufuwa. Liverpool ma da ƙarancin ruwa take fama lokacin da ta fara bin ɗigo, kuma sai bayan haka ta gina babbar madatsarta a ƙasar Wales. Duk lita ɗaya da aka ƙara a Tamburawa an kashe mata kuɗin alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da man inji, idan ta ƙare a kwata an yi asara biyu, ta kuɗi da ta lafiya, don ruwan da ya kwanta a lungu sauro yake haifarwa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a wurina: wai maganar gyaran famfo hanya ce ta sauke laifin gwamnati a kan talaka. Ba zan yarda a karanta ta haka ba. Mutumin da ake cajinsa kuɗin wata ɗaya tak, ko ya sha jarka goma ko ya bar famfo ya kwana a buɗe, ko ma ruwan bai zo ba sam, ba a ba shi dalilin gyara ba, kuma hukuma ce ta tsara masa hakan. Famfon unguwar da aka kafa ranar bikin buɗewa aka tafi, ba tare da an damƙa shi ga kowa ba, hukuma ce ta yanke masa gajeren kwana. A dubi biranen Nijar kamar Maraɗi da Damagaram, inda jama'a ɗaya ne da na Kano a harshe da addini da ɗabi'a. Can famfon titi yana da mita, yana kuma da mutum guda da ya ɗauke shi da yarjejeniya, yana sayar da ruwa jarka-jarka, ya biya kamfani abin da mita ta nuna. Tun gyaran da aka yi wa harkar ruwan birane a 2001 aka ƙara ƙarfafa wannan tsari. Mai irin wannan famfo ba ya barin ɗigo ya kwana, don daga aljihunsa yake fita. Tsarin yana da nasa aibin, musamman yadda wanda ke saye a jarka yake biyan lita da tsada fiye da mai bututu a gida, amma yana tabbatar da cewa ba halin Bahaushe ba ne ya kashe famfon unguwa a Kano, rashin mai riƙo ne.

Hujja mafi ƙarfi tana jikin katangun Kano a yau. Da mutane suka gaji da jira, masu hali suka koma haƙa rijiyar burtsatse, su sa injin samo da tanki a sama, da yawansu kuma suka fito da bututu ta katanga suka jera kan famfo biyu ko uku a waje don maƙwabta. Masallatai da makarantun Islamiyya ma haka. Wannan ba sabon abu ba ne a zuciyar Musulmi. Labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a, da na Sa'adu ɗan Ubada da ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifiyarsa, malamai suna kawo su kullum, kuma al'adar ajiye randa da moɗa a ƙofar gida don masu wucewa ta girmi bututu nesa ba kusa ba. Famfon katanga ya gaji randar nan ne. Yana shan wahala fiye da kowane famfo: yara ne ke murɗa shi daga asuba zuwa dare, ana rataya masa bokiti, rana na dukansa, 'yan jari-bola na harinsa idan na tagulla ne. Amma yana ci gaba da kawo ruwa a inda na hukuma ya daɗe da mutuwa, saboda idan ya karye an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma mai gidan yana jin kunyar a ce sadakarsa ta tsaya. Inda aka ga irinsa ya mutu, galibi za a tarar wanda ya kafa ya rasu magada ba su ɗauka ba, ko kuma ɗan siyasa ne ya kafa da allon sunansa ya wuce. Magabata da suka tsara waƙafi sun san wannan, shi ya sa suke haɗa rijiya ko masallaci da gona ko shago wanda kuɗin shigarsa zai riƙa ɗaukar gyara.

Sana'ar gyaran ma ta sauya tare da kayan. Fulamban da ya koyi aiki a zamanin bututun ƙarfe yana yanka zare a bakin bututu da hannunsa, yana kwance kan famfo ya gyara mazaunin washa, kan ɗaya ya yi wa gida shekara ashirin. Yanzu bututun roba ne da gam, kan famfon da ya cika shagunan Ƙofar Ruwa da Sabon Gari kuma mai hannu ne da ake juyawa sau ɗaya, na roba ko na ƙarfe mara nauyi da aka yi wa ruwan tagulla. Ba a buɗe shi, ba a sa masa washa. In ya fara ɗiga sai a rufe ruwa daga tanki, a kwance shi, a naɗa farin zare a bakin sabo a ɗaura. Wannan ya sauƙaƙa aikin har yaron gida na iya yinsa da filaya, kuma alheri ne ga famfon sadaka, don ba a jiran gwani. Amma arha tana da tsadarta. Na roba rana na busar da shi ya tsage, mara nauyin nan hannunsa ke gutsurewa, sai mai gida ya sayi huɗu ko biyar a lokacin da na tagulla ɗaya zai yi. Shi ya sa waɗanda suka daɗe da famfon waje suka koyi binne bututun cikin siminti har zuwa wuya don kada ya yi lilo, su sa makulli a cikin gida wanda zai tsayar da ruwan waje kaɗai, su kewaye kan da kejin ƙarfe. Dabaru ne da ba injiniyan hukuma ya koyar ba, wanda yake biyan kuɗin gyara ne ya gano su.

Saura ƙorafi ɗaya, kuma ba ni da niyyar kauce masa. Idan famfon katanga yana aiki, wani zai ce to a bar kowa ya haƙa tasa, a manta da hukumar ruwa. Wannan ba zai yiwu ba. Birnin Kano a kan tsohon dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashinsa a cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa yake taruwa, ba shi da yawan da zai ɗauki miliyoyin mutane, kuma kowace burtsatse mai zurfi tana janye ruwan rijiyoyin maƙwabta marasa zurfi, waɗanda galibi na marasa hali ne. Ruwan burtsatse ba a tace shi, a unguwa mai cunkoso kuma shadda ba ta da nisa da shi. Sannan sadaka tana bin inda masu kuɗi suke zaune, unguwar da ba ta da attajiri sai ta koma ga kura da jarka. Ruwan madatsu irin su Tiga da Challawa ne kaɗai zai iya shayar da birni mai girman Kano. Abin da famfon katanga yake ba hukuma shi ne misalin yadda ake riƙe ƙarshen bututu: kowane famfon unguwa da za a kafa a damƙa shi da suna ga mutum ko kwamitin masallaci, a sa masa mita, a bar musu wani kaso na kuɗin don sayen kai da biyan fulamba, a kuma ba su izinin gyara daga mita zuwa baki ba sai sun jira takarda daga ofis ba. A gidan haya kuma a rubuta cikin yarjejeniyar haya wanda gyaran famfon tsakar gida yake kansa, mai gida ko 'yan haya, tun ranar da ake karɓar makulli.